Tambaya ta Talatin da Ɗaya

Takardar tambayoyi talatin ce, kuma ta sha yawo kafin ta iso hannun Muniratu. Turawa ne suka tsara ta domin masu ciwon daji a ƙashi, waɗanda aka cire musu wurin da ya kamu aka sa ƙarfe, aka bar musu ƙafarsu maimakon a yanke. Ana so a san abin da ƙafar take iya yi bayan aikin. Sai wata likita 'yar Iran, Dakta Nasrin, ta mayar da ita harshen Farisa, ta tarar Bature ya tambayi shiga bahon wanka da yankan ciyawar ƙofar gida, amma bai tambayi zama a ƙasa a ci abinci ba, balle sujada. Ta gyara ta daidai da rayuwar mutanenta. Da aiki ya kawo ta wani asibiti a Bronx, can Amerika, ta ga masu jin Hausa suna ta zuwa, sai ta nemi tafintar asibitin su yi ta Hausa.

Tafintar ita ce Muniratu, 'yar zangon Kumasi, mai shekara goma sha huɗu a bakin aikin. Wata uku suka yi suna kai ruwa rana a kan takardar. A ƙarshe Muniratu ta ce akwai abin da ko ta Farisan ba ta tambaya ba: ko mutum yana iya durƙusawa ya gaida manya. Dakta Nasrin ta ce a sa ta a ƙasa, ta zama ta talatin da ɗaya, amma ba za ta shiga lissafin maki ba sai an gwada ta a kan mutane da yawa.

Mutum na huɗu da aka kai wa takardar shi ne Alhaji Hamidou, mutumin Maraɗi, mai shagon shadda da turare. Wata goma sha ɗaya ke nan da aka sa masa ƙarfe daga cinya zuwa gwiwa. Sati biyu masu zuwa likitan ƙashinsa zai duba makin, ya yanke ko a ci gaba da yi masa gashin ƙashi ko a sallame shi. Muniratu ta san haka, kuma ta san gwiwar da aka daina gasawa a wannan mataki ba kasafai take ƙara lanƙwasuwa ba.

Gidansa yana kan tudun unguwar Highbridge, hawa na huɗu. Matarsa Tahiratu ta buɗe ƙofa, ta kawo shayi, ta koma gefe ta zauna. A kusurwar falon akwai dadduma a shimfiɗe, da kujerar roba a tsakiyarta.

"Baba, tambayoyin suna da yawa paa," in ji Muniratu, "amma ku yi haƙuri. Kowace ɗaya amsa biyar ne, daga babu wahala zuwa ba na iyawa sam. Sa wando fa?"

"Babu wahala, alhamdulillahi."

"Sa takalmi?"

"Alhamdulillahi."

"Hawan bene?"

"Ina hawa, ɗiyata. Ga ni nan bisa, ai ba tashi na yi ba."

Tahiratu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Wanda ya taɓa gaida Bahaushe a gadon asibiti ya san wannan amsar. Ko numfashi yake ja da kyar, da sauƙi zai ce maka. Ƙorafi a wurinsa butulci ne ga wanda ya raya shi, a gaban iyali kuma zubar da girma. Takarda kuwa ba ta san kawaici ba, abin da aka faɗa shi take ɗauka, kuma dokar aikin Muniratu ita ce ta rubuta abin da bakin majinyaci ya faɗa, ba abin da idonta ya gani ba. Haka ta bi layi tana sa alama.

Da suka zo kan sujada ta ajiye biro.

"Baba, don Allah. Doctor zai duba paper ɗin nan ne ya ga ko za a ci gaba da therapy. In kun ce komai lafiya, za su tsayar."

"Wanda muka kwana ɗaki guda da shi a asibiti, an yanke tashi daga nan," ya nuna saman cinyarsa. "Ni Allah ya bar mini tawa. In tashi in rubuta ƙara a takarda? Wa zan kai ƙara? Sa babu wahala."

Ta sa. Ta karanta ta ƙarshe a gajiye, don ta riga ta san amsar: ko yana iya durƙusawa ya gaida manya.

Wannan karon ya daɗe yana kallon ƙafar da ya miƙe a kan hannun kujera, sannan ya ce wa Tahiratu ta duba ko akwai sauran ruwan zafi. Da ta shige kicin ya rage murya.

"Tsohuwata na nan Maraɗi, ta haura tamanin. Ba ta san an yi mini operasiyon ba, na hana a gaya mata. Duk Juma'a sai ta kira ta ce yaushe zan taho. Tun da na yi wayo ban taɓa gaishe ta a tsaye ba. In na shiga ɗakinta na tsaya mata ƙiƙam bisa kai, ko ta ce Amerika ta ɓata mata ɗa, ko ta gane. Ban san wanne ya fi ba." Ya share ido da bayan hannu. "Wagga kam rubuta ba ni iyawa. Sam."

Muniratu ta rubuta. Ta roƙe shi su koma kan sauran, ko da guda biyar. Ya girgiza kai.

"Waɗancan tsakanina da Ubangijina ne, kuma na gode mishi. Wagga ɗaya ce tsakanina da tsohuwa."

Washegari ta kai wa Dakta Nasrin maganar. Likitar ta ce su ma mutanensu haka suke da kara, ta yi alkawarin a sake tsara yadda ake tambayar, ta kuma rubuta wa likitan ƙashin ɗan bayani. Maki dai ba ta da ikon taɓa shi.

Ranar ganin likita, Muniratu ce tafinta. Likitan ƙashin mutumin kirki ne, ya shigo da fara'a yana cewa bai taɓa ganin ɗari bisa ɗari a wata goma sha ɗaya ba. Ya ce ya ga bayanin Dakta Nasrin, don haka zai tambaya da kansa. Ya dubi Alhaji Hamidou, ga Tahiratu a gefensa, ga ɗaliban likitanci biyu a tsaye da littattafai, ya tambaye shi ko akwai abin da yake ba shi wahala.

Muniratu ta mayar da tambayar Hausa a hankali, tana kallon idon Alhaji Hamidou. Ya yi murmushi ya ce a gaya wa likita ya gode, babu komai. Ita ce ta faɗa da Turanci. Ita ce kuma ta juyo ta gaya masa da Hausa cewa an sallame shi daga gashin ƙashi, sai bayan wata shida a zo hoto. Ba ta taɓa jin ta tsani aikinta kamar ranar ba.

Ta raka su bakin titi. Kafin bas ta iso ya jingina da ƙarfen tashar, ya sauke nauyinsa a kan ƙafa mai lafiya, ya juya wajen matarsa.

"In tsohuwa ta kira Juma'a, ki ce mata shago ya riƙe ni. Ki ce sai baɗi."