Durƙuson Malam Sama'ilu

Duk Roni babu wanda bai san Malam Sama'ilu mai sasanci ba. In shanu suka shiga gona, shi ake kira. Ba ya tambayar wa ke da gaskiya. Ƙarami yake sawa ya durƙusa ya ce ya tuba, babba ya ji kunya ya yafe, a raba goro a watse. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, gajera ce kuwa, kuma kunnena bai tsufa tare da ni ba.

Ɗansa Musaddiƙ kofur ne a soja, amma a ofis yake zama gaban kwamfuta. Ran nan na jiyo matarsa Sadiyya tana kuka, sai na ɗauki kwano na shiga aron daddawa. Wai an kulle shi a gadirum, ɗakin tsare sojoji a bariki. An kwashi wasu hotunan sirri na aiki daga kwamfutar ofis an tura waje, kuma da lambar sirrinsa aka buɗe ta.

"Iya, ya rantse mini ba shi ba ne," in ji Sadiyya. "Su huɗu ke shiga da lambar nan, har da na gaba da shi. Babba ya ce ba ni, ya za a yi ya hana? Ya ce mu nemo lauya, ba zai buɗe baki ba sai da lauya a wurin."

Aka samo lauya Martina, 'yar Peter mai walda a Kazaure. Ta cire takalmi ta zauna a gefen tabarmar Malam, ni kuma ina taya Sadiyya tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa.

"Baba, kaki bai raba shi da haƙƙinsa ba," in ji ta. "Dole su gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi, su ba shi lokacin shiri. Yana da damar yin shiru. Ni zan tsaya masa a kotun soja, in nemi a binciko wanda ke gaban kwamfutar a ranar. Abin da nake roƙo kawai, kada kowa ya je ba da haƙuri."

"'Yata, yaro ya ɓata wa manyansa rai, sannan ya je musu da gardama?"

"Baba, a can wanda ya ba da haƙuri ya amsa laifi ke nan."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Malam. Duk wanda ya san shi ya san haka yake cewa in ba zai yi abu ba.

Kafin ranar da Martina ta sa za ta je, Malam ya zura babbar riga, ya ɗauki ƙwaryar goro, ya tasa Sadiyya a gaba sai bariki. Daga bakinta na ji sauran. Manjon da ke binciken ya girmama furfurarsa, ya sa aka fito da Musaddiƙ, ya rame, ba ko bel a ƙugunsa.

"Durƙusa ka ce ka yi kuskure," in ji Malam.

"Baba, ban yi ba."

"Na tambaye ka?"

Manjo ya ce, "Baba, ku yi a hankali. Kofur, kana da damar yin shiru. Duk abin da ka faɗa zai je gaban kotu."

Sai Malam ya tattare rigarsa ya zube a kan siminti, gwiwa biyu, gaban Manjon da bai kai ɗansa na fari shekaru ba. Ya ce ba zai tashi ba. Musaddiƙ ya dubi ubansa a ƙasa, shi yana tsaye. Ya durƙusa kusa da shi ya ce, "Na yi kuskure, ranka ya daɗe. A yafe mini."

Ko goron ba su karɓa ba.

A kotu Martina ta yi iya yinta. Ta ce maganar nan ba da son ransa ya faɗe ta ba, a jefar da ita a koma kan kwamfuta. Shugaban kotun ya juya ga Musaddiƙ.

"Kofur, an gaya maka kana iya yin shiru?"

"An gaya mini."

"To wa ya tilasta ka?"

Malam yana zaune a bencin baya da carbinsa. Ɗakin cike da mutane. Sadiyya ta ce Martina har ta ɗan miƙe tana kallon bakin Musaddiƙ.

"Ba wanda ya tilasta ni," in ji shi.

Aka kore shi daga aiki, aka ɗaure shi shekara biyu. Sauran ukun da ke shiga da lambarsa suna nan a ofis ɗinsu.

Sadiyya ta kwashe yara ta koma gidansu a Gwiwa. Malam kuwa har yau in aka zo yi masa jaje cewa yake da lauyar nan ba ta ja da manya ba, da tuni sun yafe. Mutane su ce haka ne, Malam, su shafa fatiha su tashi.