Zabuwar Nazir

Yayana Dallatu shi ne Sarkin Dawan Tungan Maje, ni kuma Usaini ƙaninsa, tun ban iya ɗaure wando ba nake binsa daji. Yanzu kam sarautar ta tsofaffi ce. In muka taru za mu fita farauta, sai ka rantse layin masu ciwon gwiwa ne a asibiti. Samarinmu duk sun watse, wannan yana acaɓa a Zuba, wancan yana leburanci a inda ake gina rukunin gidaje, daidai fadamar da muke kashe gada a da.

Duk shekara bayan girbi muna haɗuwa da mafarautan Uke mu fita tare, bana a wajenmu, baɗi a wajensu. Muna da al'ada: in an dawo sai a zauna gindin ɗorawa, kowa ya ajiye abin da ya samo, babban baƙi ya riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana yi wa mai shi kirari. Na ɗan mai masauki ake fara ɗagawa, don kowa ya shaida gidan yana da magaji. Yaya yana da ɗa namiji guda, Nazir, kuma ya daɗe yana yi masa uzuri: yana makaranta, ya tafi bautar ƙasa. Bana uzuri ya ƙare, domin Datti, babban mafarautan Uke, ya ga yaron da idonsa a shagon gyaran waya a Gwagwalada, har ma shi ya gyara masa tasa.

A gabana Yaya ya kira Nazir zaure. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba, ranar sai da na kawar da kai.

"Yini ɗaya kawai, Nazir. Ko ɓera ne ka riƙo a hannunka, in dai daga daji ya fito. Kada Datti ya ɗaga na wani kafin naka a garina."

"Baba, wallahi ban iya ba. Kuma ranar Asabar oga ba ya barin kowa, kwastomomi sun fi yawa."

"Ni ma ogan ne, ai ni na haife ka."

Nazir ya ce to. Yaron ba shi da mugun hali, gaskiya ɗaya ce. Yana son ubansa. Dajin ne kawai bai taɓa shiga ransa ba, ko kukan kare ba ya so.

Ranar Asabar da hantsi mutanen Uke suka sauka daga mota da karnukansu da gorori. Su ma furfura ta fi yawa, amma Datti ya zo da ɗansa Sadisu, wani dogon saurayi mai kaushin hannu, wanda karnuka ke bin sawunsa ba sai ya kira ba. Namu kuwa ya fito da farin takalmin gudu da jakar goyo. Na miƙa masa gora, ya riƙe ta kamar an ba shi jaririn wani.

Datti ya dube shi ya yi dariya. "A'a, injiniya! Yau wayar zomaye za a gyara?"

Aka yi dariya, Yaya ma ya yi, amma na ga gumi a goshinsa tun ba a taka ko'ina ba.

Dajin da ya rage mana sai an wuce katangun filaye kafin a kai. Aka busa ƙaho, aka saki karnuka, muka bazu. Rana ta yi zafi, nama ya yi wuya. Can karnuka suka tayar da zomo, ya nufo Nazir kai tsaye. Na yi ihu, "Buge shi!" Yaron ya yi tsalle ya ba zomo hanya, Sadisu ne ya tare shi da jifa ɗaya. Raina ya ɓaci har na fara zaginsa, sai na tuna akwai baƙi na haɗiye.

Daga nan Nazir ya riƙa ja da baya yana latsa waya, wai yana neman netwok. Muka rabu da shi. Bayan wani lokaci na ji ƙarar babur ta wajen hanyar mota, ban kawo komai a raina ba. Da la'asar muna juyowa sai ga shi ya ɓullo daga cikin sabara, yana haki, riƙe da ƙatuwar zabuwa yankakkiya.

"Baba! Baffa! Na samu!"

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ya ɗaga hannu sama, idonsa ya ciko. Duk hanyar dawowa yana gaba yana taku kamar saurayi, kowa ya gani sai ya ce masa, "Ka ga ta yarona?"

Muka zauna gindin ɗorawa, mata da yara suka kewaye mu. Aka jera nama: zomaye, gafiya, damo guda, da zabuwar a kan gaba. Datti ya miƙe ya gyara murya, ya sunkuya ya ɗauke ta ta ƙafafu. Sai na ga babban yatsansa ya tsaya. Ya shafa wurin, ya sake shafawa. Ina kusa, na leƙa. Shatin igiya ne zagaye da ƙafafun biyu, irin ɗaurin da ake yi wa tsuntsu a kasuwa. Jikinta kuwa sumul, babu haƙorin kare, babu tabon gora, sai yankan wuƙa. Nan take na gane ƙarar babur ɗin nan. Wani abokinsa ne ya kawo masa ita daga kasuwa.

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsofaffin da ke layin gaba duk sun gani, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa.

Datti mai tsokana ne, na ɗauka yau mun shiga uku. Amma sai ya rufe ƙafafun da tafin hannunsa, ya ɗaga zabuwar sama, ya buɗe murya.

"Nazir ɗan Dallatu! Ɗan mai daji ya shiga daji! Zabin fadama, ku sake wurin kwana!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Nazir ya yi murmushi, ya dubi ubansa yana jiran ya ga farin ciki. Shi a tunaninsa ya fitar da Baba kunya. Yaya kuwa ba ɗansa yake kallo ba, hannun Datti yake kallo, yadda ya dunƙule a kan ƙafafun. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a daji ba sai an faɗa masa ba.

Ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali.

"Datti, ya isa."

"Haba Sarki, bari in ƙarasa mana."

"Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ba a taɓa yi wa naman kasuwa kirari a gindin itacen nan ba, ba kuwa za a fara don a rufa mini asiri ba. Ajiye ta."

Guɗa ta tsaya cak. Nazir ya matso. "Baba, sori, don Allah. Don kai na yi. Ban so a yi maka dariya ba."

"Na sani," in ji Yaya, bai ɗaga murya ba. "Ka ce mini ba ka iya ba, ni ne ban ji ba. Je ka gida ka wanke takalminka."

Yaron ya ratsa mutane ya wuce, kansa a ƙasa. Ni da na yini ina jin haushinsa, sai tausayinsa ya kama ni, don ba wanda ya fi shi shan rana a banza.

Yaya ya sunkuya da kansa, ya ɗauki zomon Sadisu daga cikin jerin, ya miƙa wa Datti da hannu biyu.

"Fara da na ɗanka," ya ce. "Gidana babu magaji."