Rajistar Irin Masara

Tun hantsi Shafa'atu, malamar gona daga Faskari, take zaune a ƙofar gidan mai unguwa da buhunan irin masara na kyauta, amma ko mutum guda bai zo rajista ba. Lambar katin ɗan ƙasa kawai ake buƙata.

"Baba, wallahi ko sisi ba zan amsa ba," ta ce wa Malam Almu, wani dattijo da ya tsaya nesa-nesa.

"Haka na bara suka ce, ɗiyata. Suka ɗauki hoton katunanmu wai za a ba mu taki. Kafin sati asusun kowa ya zama wayam."

Takaici ya turnuƙe ta. Ga ruwa ya sauka, ga iri a gabansu, amma 'yan iskan yara masu waya sun sa gari guda tsoron alheri! Kowa ya san Salim, wani saurayi ɗan garin, shi ne ya kawo su, ga shi can bisa sabon babur, har gaishe shi ake yi.

Salim ya matso yana murmushi.

"Hajiya, kawo takardun in cike maki. Ai lambar kowa tana cikin wayata."