Masaƙa a Cikin Kan Ɓera

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a kan tabarma, na yi wani mafarki. Na gan ni a ɗakin binciken da nake aikin ciyar da ɓeraye, sai dai kejinsu ya fi ginin girma. Dakta Turai, shugabarmu, ta miƙo mini ɓera mai lamba tara, ta ce in shiga ta kunnensa in dubo abin da ya hana shi gane hanyar abinci. Na tuɓe takalmi na shiga.

A ciki masaƙa ce, layi-layi, ba iyaka. Zabi ne ke saƙar, suna karanta wata doguwar takarda, suna fitar da furotin, sinadarin gina jiki, kamar ƙyalle. Wata tsohuwar zabuwa ta gaya mini duk abin da ɓeran ya koya yau sai an saƙa shi kafin la'asar, in ba haka ba ya tsiyaye. Ta nuna mini famfon da ke sakin zare, ta ce daga yanzu ni ce mai tsaronsa.

Na buɗe shi da yawa. Masaƙar ta ɗauki gudu, ɓeran ya kama wanke fuska, ya wanke ya sake wankewa, 'yan'uwansa na gaishe shi bai ɗago ba. Na murɗa da sauri don in rage. Zaren ya tsaya cak, zabin suka naɗe fukafukai suka zuba mini ido.

Sai ga ni a tsakar gidanmu, kan famfon a tsinke a hannuna. Ɓeran na zaune a kujerar Baffa, mahaifina, sanye da hularsa. Wata uku ke nan Baffa kan ɗauki makulli ya rasa na wace ƙofa ne. Ɓeran ya dube ni da ladabi irin na baƙo.

"Baiwar Allah, 'yar gidan wa ce ke?"

Na ce ni ce Hansatu. Ya maimaita sunan sau biyu don ya riƙe, amma ina kallo yana zubowa ta ɗaya kunnen, harafi-harafi, yana hawa bango kamar tururuwa. Na bi ina tsincewa, suna cizona, la'asar kuma tana matsowa.

Faɗuwar murfin tukunya ce ta tashe ni. Baffa na tsaye a ƙofar kicin da buta a hannu, yana kallona. Na zauna ina jira in ji da wane suna zai kira ni.