Laba Hamsin na Dontrell

Tun daga bakin ƙofar makarantar Cedric Tolliver ya san ba alheri ya kawo ba. Ranar Litinin babban kocin jami'arsu ya gama kallon bidiyon wasannin wani yaro mai suna Dontrell, ya ture kujera ya ce, "Wannan ba shi ne yaron da ka cika mini kunne da shi ba. Gurbi ɗaya ya rage mana a layin gaba. Je ka duba shi da idonka, in bai yi ba ka gaya musu kafin ranar sa hannu a takardar ɗauka." Shi ya sa Tolliver ya tuƙo awa uku ta cikin gonakin audugar Mississippi da aka riga aka girbe, yana fatan bidiyo ne ya yi ƙarya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan aiki, yana bin makarantun sakandare neman ƙartin da za su tsaya a layin gaba su tare wa mai jefa ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka. Wanda ya yi masa, jami'a ta ɗauke shi karatu kyauta. A irin wannan gari, wanda bai samu ba sai kamfanin gyaran kifi.

Koci Boykin, tsohon da ke horar da 'yan makarantar, shi ya tarbe shi.

"A'a, manya. Yau an tuna da mu mutanen ƙauye? Zo ka ga aikin hannunka. Ɗan naka yanzu ko ƙofar bas sai ya karkace yake shiga."

Tolliver ya yi yaƙe, don maganar ta same shi.

A watan Fabrairu ya fara ganin Dontrell Mabry, ba ma a filin ƙwallo ba, a zauren wasan kwando. Ƙaton yaro mai nauyin laba ɗari biyu da sittin, amma in ya juya sai ka rantse ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Irin ƙafar da ake shekara biyar ba a gamu da ita ba. Bayan an tashi yaron ya biyo shi har mota, yana zufa, ya ce, "Yallaɓai, me ya rage mini?" Tolliver kuwa ƙafa ɗaya a mota, waya tana ta kuka a aljihu, ya ce, "Jiki. Ƙaro laba hamsin, gurbi naka ne." Ya ja ƙofa ya tafi.

Maganar banza ce, irin wadda yake yaɓa wa yara ashirin a shekara. Yawancinsu su ƙara goma su manta. Bai ce a shekara nawa ba, bai ce da wane irin abinci ba, kuma wata goma bai ɗaga waya ya tambayi yadda ake ciki ba. Saƙon "ci gaba da ƙoƙari" kawai yake turawa, wanda yake tura wa kowa.

"Washegari ya ajiye wasan kwando," in ji Boykin, suna tafiya ɗakin motsa jiki. "Na yi faɗa, na yi lallashi, ya ce ai Koci Tolliver ne ya faɗa. To ni wane ne? Ni da ba ni da tambarin jami'a a riga."

Dontrell yana tsaye kusa da sikeli, ya cire takalmi tun kafin a ce masa. Fuska ta cika, wuya ya ɓace, murmushin ne kaɗai bai canja ba. Ya hau. Laba ɗari uku da goma sha biyu.

"Har da biyu na gyara, Koci," ya ce.

Tolliver yana da dabararsa da ba ya gaya wa kowa. Ya saki biro ya faɗi a gaban yaron kamar kuskure. Ɗan layin gaba na gaske da gwiwa yake sauka, baya a miƙe. Dontrell ya dafa bango, ya sunkuya daga ƙugu, ya yi nishi, ya ɗauko biron ya miƙa masa da hannu biyu. A nan aikin ya ƙare, sauran duk cika ido ne.

Duk da haka suka fita fili. Ya sa shi ya duƙa, ya ja da baya, ya zagaya robobin da aka jera. Yaron ya yi iya yinsa, wannan kam ba a ɗauke masa ba, amma ƙafar ta tafi. A zagaye na huɗu ya tsaya, hannu a gwiwa, ta hagu ɗaure da bandeji.

"Yaya ka gani, Koci?"

"Ma yi magana a gida," in ji Tolliver. Tsoro ne kawai, shi ma ya sani.

Kakar yaron, Earline Mabry, wadda ta riƙe shi tun yana goye, ta cika tebur tun ƙarfe uku na rana. Soyayyiyar tarwaɗa, makaroni da cuku, wake, gurasar masara, shayi mai ƙanƙara. Ta sa rigarta ta zuwa coci.

"Zauna, ɗan nan, ka ci. Kai ma ka rame, ko matarka ba ta girki ne?"

"Tana yi, Mama. Hanya ce."

Ta zuba wa Dontrell tuli biyu na abin da ta zuba wa baƙo, ta zauna tana ba da labari cikin alfahari. Sau shida yake ci a rana. Burodi da man gyaɗa tsakanin darasi da darasi, madara galan guda kafin magariba. Wani lokaci ya tashi ya je bayi ya amayar, ya kurkure baki ya dawo ya ƙarasa.

"Ni dai har tausayi yake ba ni. Likitan asibitinmu ma ya ce jininsa ya fara hawa, wai a rage masa. Na ce masa, likita, kai ka san allura, amma mutumin jami'a shi ya san abin da ake nema a can."

Kunya ta kama Tolliver irin wadda bai taɓa ji ba a gidan mutane. Ƙarya tana nan a shirye, ya sha yin ta: ya ce sakamakon jarrabawa ne, ko ya ce babban koci ne ya fifita wani ɗan Texas. Ya fita da mutuncinsa, su kuma su zagi wanda ba su taɓa gani ba. Har ya buɗe baki da ita. Sai ya ga yaron yana tura makaroni da cokali a hankali, ido a rufe, yana haɗiya kamar mai shan magani.

Tolliver ya ajiye cokalinsa.

"Mama, ba za mu ɗauke shi ba."

Ya ci gaba.

"Ƙafarsa muka gani muka so. Nauyin nan ya cinye ta. Ni na ce ya ƙara, ban gaya masa yadda ake yi ba, ban kuma waiwaye shi ba. Abin da ya kamata a yi cikin shekara uku a hannun masana, ya yi shi cikin wata goma shi kaɗai. Bai yi laifin komai ba. Laifina ne."

Tsohuwar ta dube shi.

"Kai ka ce hamsin," ta ce.

"Ni na ce."

"Ya kuma kawo maka hamsin."

"Ya kawo, Mama."

Sai ya shiga zuba, don shirun ya fi ƙarfinsa. Akwai ƙananan kwalejoji, zai buga musu waya da kansa, in yaron ya sauke nauyi ya yi shekara biyu a can, wa ya sani. Yana faɗa yana jin muryarsa, ita ce dai muryar bakin mota ta watan Fabrairu. Ya katse maganar.

Dontrell bai yi kuka ba, bai kuma yi fushi ba, da ma ya yi da Tolliver ya fi samun sauƙi. Ya dai zuba wa farantinsa ido, rabi ya ci, rabi yana jiransa. Can ya ɗago, cikin ladabin nan nasa, ya tambayi mutumin da har yanzu yake ganin shi ke da ikon faɗa.

"To Koci, yanzu zan iya daina ci?"

Kakar ce ta miƙe ta ɗauke farantin daga gaban jikanta.