Shafin da Aka Naɗe Ƙosai da Shi

"To, sai mi?" in ji Tambaya daga kan gadonta na kara.

Zaituna ta juya littafin gaba da baya. An yage shafukan ƙarshe tas, daidai inda ɗan sandan ya miƙe zai nuna wanda ya jefa dillalin fata cikin rijiya.

Tun shekarar mulkin kai, da mijinta, malamin firamare a Tambuwal, ya zo da littafi na farko daga Sakkwato, Zaituna take shigowa bayan azahar ta karanta wa tsohuwar maƙwabciyarta. Wannan na biyun ya fi muni, daga guba sai rantsuwar ƙarya, amma Tambaya daɗinsa take ji. Ta zagi mugaye, ta yi wa mamacin addu'a kamar ɗan unguwa. Yanzu jiki ya ƙi, ko kunu ba ya wucewa, kowa ya san abin da ake jira. Zaituna ta ji tsoro ya kama ta, kada tsohuwar ta tafi ba ta ji ƙarshen ba.

Ashe aikin Hinde ne, matar ɗan Tambaya, mai tuyar ƙosai. Takardar naɗi ta ƙare mata da safe, ta ga boko ne ba ayar Allah ba, sai ta yaga daga baya, tunda a ganinta ba a iso can ba tukuna. Tambaya ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce ba inda za ta sai an nemo mata.

Aka bazama gidajen da suka sayi ƙosai. Wasu sun hura wuta da nasu, na wani gida akuya ta cinye. Saura Bube mai jaki, wanda ya wuce Kebbe da nasa ƙunshin. Zaituna ta kwana tana roƙon Allah ya sa Bube bai cika tsafta ba. Washegari kuwa ya dawo, takardar na cikin aljihunsa, ta sha mai da yaji.

Mata suka cika ɗaki. Zaituna ta ɗaga shafin wajen hasken ƙofa, ta karanta a hankali. Mai laifin dai aminin mamacin ne, mai yawan kuka wurin jana'iza, wanda Tambaya ta daɗe tana karewa.

"Shi yak kashe shi?" Tambaya ta rufe ido tana murmushi. "Ja'iri. Da tsufana ya ci ni. Kai, na ji daɗi, ɗiyata."

Kafin la'asar, tsohuwar ta cika, ana maimaita mata kalmar shahada. Zaituna ta yi kuka, amma zuciyarta wasai take.

Da maza suka fita da makara, ta koma ɗaukar mayafinta. Shafin na nan kan tabarma inda ta ajiye shi, tururuwa sun jeru a gefensa suna bin man.