Tafsirin da Sharhabil Ya Tura wa Hajiya Uwani

Sharhabil mai shagon kwamfuta na Kinkinau maci amana ne. Duk wanda ya ce ƙaddara ce ta faɗa masa, ko bai san labarin ba, ko kuwa yana cikin waɗanda suka ɗumama bencinsa na bayan labule.

Shagon ba wani babba ba ne. Kwamfuta ɗaya, injin buga takarda, farin ƙyalle a bango don ɗaukar hoton fasfo, sai wani janareto mai tari a bakin ƙofa. Amma rabin unguwa ta nan take bi. Mai neman aiki, mai cike fom ɗin makaranta, ma'aikaciyar da aka ce ta sabunta bayananta a intanet, kowa sai ya zauna gaban Sharhabil ya faɗa masa abin da ba ya faɗa wa maƙwabcinsa: shekaru, lambar waya, wurin aiki, akwai aure ko babu. Har tsofaffi suna kawo wayoyinsu ya tura musu karatun malamai.

Mai tsoron Allah in ya gama aikin mutum sai ya goge. Sharhabil ba ya gogewa. In mace ce, ta kuma ce ba ta da aure, sai ya ware hotonta gefe, ya rubuta ɗan sharhinsa a ƙasa. Bayan la'asar sai ya saki labule, gwauraye su jeru a benci, yana nuna musu ɗaya bayan ɗaya kamar mai tallan atamfa. Shi a wurinsa dalilin aure yake yi. Bai taɓa tambayar ko mace ɗaya ba.

Babban mai zuwa kallon shi ne Malam Rabe, tsohon direban ofis da ya yi ritaya, mutum mai tsirfa kamar mai sayen goro.

"Wuce wannan," in ji Malam Rabe. "Idonta ya yi tsaye da yawa."

"Haba Malam, hoton fasfo ne fa. Ni na ce mata ta buɗe ido."

"To ta buɗe ya yi yawa. Wuce."

Ana cikin haka sai maganar sabuwar dokar kare bayanan jama'a ta iso kan ƙananan shaguna. Ƙungiyar masu shagunan kwamfuta ta kira taro, wata jami'a ta zo ta yi bayani dalla-dalla. A sa wa kwamfuta lambar sirri. A sayi manhajar kariya ta gaske, ba ta sata ba. Kada a riƙe hoto ko bayanin kowa bayan an gama aikinsa, sai da yardarsa. Za a zagayo a duba, kuma wanda aka kama, shagonsa ne a bakin rufewa.

Ɗaki ya ɗauki gunaguni. Wani ya ce su da suke fama da man janareto ina suka ga ta manhaja. Wani ya ce an yi dokar ne don bankuna, aka zo aka ɗora wa masu cin kwabo. Kukansu da ɗan gaskiya a ciki, don talaka ne ke fara jin nauyin kowace doka. Amma wanda ya miƙe ya tsawata musu shi ne Sharhabil.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah! Bayanin mutum amana ne. Ko babu doka ai addini ya riga ya faɗa."

Aka tafa masa. Jami'ar ma ta jinjina kai.

A hanyar gida cikin Keke Napep, lissafi ya dame shi. Shagon nan shi ne cinsa, shi ne shansa, ba zai yarda a rufe ba. Amma kuma ya goge hotunan da ya yi shekaru yana tarawa? Ya ce wa Malam Rabe me? Kafin ya sauka dabara ta zo masa, har ya yi dariya shi kaɗai.

Ya sa lambar sirri. Ya cije ya sayi manhajar. Ya goge fom ɗin maza kaf, don ba su da amfani a wurinsa. Hotunan mata kuwa ya tattara su cikin folda ɗaya, wato aljihun ajiya na cikin kwamfuta, ya kai ta tsakiyar karatun malamai ya ajiye, ya raɗa mata suna Tafsirin Bana.

Masu dubawa suka zo. Suka buɗe nan, suka leƙa can. Ɗayansu ya kai kan Tafsirin Bana, ya tsaya, ya ce, "Masha Allah, har da hidimar addini. Allah ya ba da lada." Ya wuce.

"Amin, ranka ya daɗe," in ji Sharhabil, kai a sunkuye kamar na kirki.

Daga ranar ya fara tafiya yana buɗa kafaɗa. Ya mance cewa mai wayo ba ya yi wa tarko ado, don wata rana shi zai manta ya taka.

Da azumi ya matso, shago ya cika da masu son karatu. Ranar wata Juma'a da hantsi aka ɗauke wuta, janareto yana shure-shuren ƙarshe don mai ya kusa ƙarewa, mutane sun yi layi har waje. Sai ga Hajiya Uwani, shugabar Islamiyyar matan unguwa, tsohuwa mai sanda da murya kamar ta ladan. Ba ta bin layi, kuma ba a taɓa samun mai ƙarfin halin ce mata ta bi ba.

"Kai Sharhabilu, karɓi wayar nan. Tafsiri za ka zuba min, na bana. Kar ka ba ni na bara, na haddace shi."

"An gama, Hajiya."

Ido ɗaya a kan janareto, ɗaya a kan layi, hannunsa ya je ya ɗauko abin da aka rubuta wa na bana, ya tura. Har ya ce ta bar kuɗinta, sadaka ce. Ta sa masa albarka ta tafi.

Washegari yana share ƙofar shago ya hango hijabai sun cika layin, kamar an taso daga suna. Hajiya Uwani ce a gaba. Ya yi murmushi, ya zaci kasuwa ce.

"Sannunku da zuwa, Hajiya. Karatun ya yi daɗi?"

"Ya yi daɗi, ɗan nan. Ban taɓa ganin tafsiri mai hotuna ba sai naka."

Tsintsiya ta faɗi daga hannunsa.

"Na kai makaranta," Hajiya ta ci gaba, "na ba Rahmatu ta kunna mana mu saurara. Rahmatu, karanta masa ayar farko."

Rahmatu ma'aikaciyar jinya ce, mijinta ya rasu, kuma ta daɗe tana mamakin inda baƙin maza ke samun lambarta. Ta ɗaga wayar, ga fuskarta a kai, ta karanta da ƙarfi: "Rahmatu. Bazawara, tana da albashi. Akwai faɗa, amma za a iya lallaɓawa."

"To ga ni," ta ce. "Lallaɓa ni."

"Anti, wallahi niyyata alheri ce. Sunna nake rayawa."

"Da fuskata? Ka tambaye ni?"

Wata daga baya ta ɗaga murya: "Ni ya rubuta wai hoton ya fi ni kyau!" Wata ta ce ita an ƙara mata shekara biyar. Masu shaguna suka fito, masu babur suka kashe inji. Malam Rabe, da ya taho ɗaukar wuri da wuri, ya hango taron, ya juya kamar wanda ya manta wani abu a gida.

Sharhabil ya durƙusa. "Hajiya, ke uwa ce. Ki rufa min asiri, yanzu zan goge."

"Uwa? Rahmatu, karanta masa tawa."

"Hajiya Uwani. Ta manyanta, haƙora saura kaɗan, amma gidan nata ne."

Hajiya ta buga sanda a ƙasa. "Hoton da na ɗauka don fasfon Umara! Kuma ƙarya kake, haƙorana biyu kawai suka fita. Ba za ka goge komai ba, Sharhabilu. Kai ka ce a taro bayanin mutum amana ne, labari ya zo mana. Wayar nan daga nan sai ofishin waɗanda suka zo dubawa."

Haka kuwa aka yi. Matan suka cika Keke Napep bi da bi suka kai ƙara, kowacce ta sa hannu. Masu dubawa suka dawo, wannan karon ba wanda ya yi masa addu'ar lada. Aka ɗauke kwamfutar, aka ci shi tara, ƙungiya ta kore shi, aka garƙame shagon da kwaɗo.